Shekarar da Na Saɓi Fartanya da Rani

Na san abin da ake faɗa muku a kan shekarar da na ajiye aikin koyarwa. Wasunku sun ji a bakin gwaggonninku, wasu a gidan biki, lokacin da ake zaton hankalinku yana wani wuri. Ana cewa a shekarar ne kan mahaifinku ya ɗan taɓu, ya riƙa yawo a bayan gari ba dalili, kuma taurin kansa ne ya rusa maganar auren yayarku Ummi ta farko. Ban ɗauki biro don in ƙaryata ba, domin rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin nake so in cika muku tun idona yana ganin layi, saboda abin ya shafe ku, ba ni kaɗai ba.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina tashi da sanin inda zan nufa. In hau keke daga Balan, daga baya babur, in je Gaya in yi ta fama da yara da alli. Da aka ce lokacin hutawa ya yi, na ɗauka daɗi zan ji, kuma wata biyun farko na ji. Daga nan wani abu ya zauna mini a ƙirji kamar an ɗora mini buhun gero an manta ba a sauke ba. Ban ga aljani ba, ban ji murya ba, ban yaga riga ba. Komai ne kawai ya daina ɗanɗano. Tuwon Innarku da nake santi a kansa ya koma ina turawa don kada a yi magana. Rediyon da ba na rabuwa da ita ta zauna a taga har gizo-gizo ya yi mata saƙa. In na idar da sallar asuba sai in zauna a kan buzu har rana ta take, ba lazimi nake yi ba, tashin ne ya gagara. Ni da nake korar yara daga aji a kan rashin wanka, sai da Innarku ta riƙa kai mini ruwa bayan gida tana tsayawa daga waje har ta ji ana zubawa. Abin da yake ba ni mamaki har yau, ba wanda ya mutu mini a lokacin, ba wanda ya ɓata mini rai. In an ce me ke damunka, sai in duba zuciyata da gaske, in rasa abin da zan nuna.

Gidanmu kun san kowa likita ne. Gwaggonku Hajara ta ce sammu ne, har ta faɗi sunan wanda ya yi, mutumin da ko sanin ina duniya bai yi ba. An yi mini tofi, an yi hayaƙi, na sha rubutu, kuma ban raina ko ɗaya ba, addu'a har gobe ina neman ta. Baffanku Sani, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake zaune a gidanmu na gado can ɗaya ƙarshen gari, shi faɗa ya riƙa yi mini. Ya ce namiji ba ya zaman ɗaki kamar mai jego, in tashi in yawaita istigfari. Innarku ce ta bari kowa ya gama nasa, sannan wata rana da la'asar ta ajiye mini kofin kunu ta ce,

"Malam, gobe za mu Kano."

"Wurin wa?"

"Wurin likitan da yake duba irin wannan. Na tambaya, akwai su."

"Asibitin mahaukata za ki kai ni?"

"Asibitin marasa lafiya zan kai ka. In ka ga mahaukaci a can, ka gaishe shi."

Likitar da muka samu mace ce, ba ta girme wa Ummi da yawa ba, har na ji nauyin buɗe mata cikina. Amma ta iya tambaya, ta kuma iya yin shiru. Da na gama ta ce abin yana da suna, ciwon damuwa ake ce masa, kuma ba ni na fara ba. Ta rubuta mini ƙwaya, ta ce sai ta ɗan kwana biyu a jiki kafin in ji aikinta, kada in daina sha don na ji sauƙi. Sannan ta ƙara da cewa,

"Kuma kullum da safe ka yi tafiyar ƙafa, Baba, ko ta rabin awa ce."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina. Ka je ka dawo."

Tun daga Kano har muka wuce Wudil muka sauka a Gaya ina juya wannan magana. Ita ce abu na farko cikin watanni da ya tsaya mini a kai har na so in gane shi. Tafiya ba zuwa ko'ina. Mu dai a nan mutum yakan taka zuwa gona, zuwa kasuwa, zuwa gaisuwar mutuwa ko barka, zuwa masallaci. Ƙafa 'yar aike ce. Wanda yake tafiya ba aike kuwa, suna ɗaya muke da shi da za mu kira shi, kuma sunan ne nake gudu tun farko. Na yi ta tambayar kaina, me ya haɗa ƙafa da abin da ke ƙirji?

Ranar da na fara, ban kai ƙarshen layinmu ba babur ya tsaya. Ɗalibina ne na da. Kun san rabin masu babur a tsakanin Balan da Gaya sun zauna a ajina, sauran rabin kuma 'ya'yansu sun zauna.

"Malam, ina zuwa? Hau in rage maka hanya."

"Ba nisa zan yi ba."

"To ai shi ya sa, hau kawai."

Na sallame shi da ƙyar, wani ya tsaya. Kafin in fita bayan gari biyar suka tsaya, har da mai amalanken shanu da ya matsa mini wuri a kan buhunan gyaɗa. Ba laifinsu ba ne. A ce malaminka da furfura yana taka ƙasa kai kana kan ƙarfe ka wuce shi, wannan rashin tarbiyya ne, kuma ni na koya musu hakan. Wata rana na gaji da gardama na hau. Yaron ya ce ina zan sauka, sai kawai na ce masa kasuwa. Ya kai ni har kasuwar Gaya, na tsaya a rumfar masu tumatir ina kallon jama'a, ba abin da zan saya, ƙarshe sai wani babur na nema ya mayar da ni gida. Ranar ko taku ɗari ban yi ba. Washegari na ce bari in faɗi gaskiya in huta. Da na farko ya tsaya na ce masa ba inda zan je, tafiya kawai nake yi. Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ja babur a hankali. Kafin azahar magana ta zaga gari cewa Malam Hamisu ya fara yawo.

Sai dai abin yana aiki, shi ne abin da ya ɗaure mini kai. Ba warkewa na yi ba. Amma in na dawo da gumi a goshi, nakan ji yunwa, yunwa ta gaske wadda na manta kamanninta. Nakan zauna a zaure maimakon ɗaki. Rannan har na murɗa rediyo. Ƙwayar ce, ko tafiyar, ko su biyun suka haɗa hannu, ban iya rabewa ba, kuma da na tambayi likitar a komawa ta biyu dariya ta yi ta ce kada in saki ko ɗaya.

A daidai wannan lokacin ne maganar Ummi ta taso. Ta gama karatun koyarwa, wani saurayi daga Ajingi mai suna Kabiru yana zuwa wurinta, kuma tana son sa, duk gidan an sani, don ranar da zai zo har tsakar gida sai ta sha shara sau biyu. Manyansa sun kawo gaisuwa, saura sa rana. Ku da kuka yi aure kun san abin da ke tsakanin gaisuwa da sa rana. Kowane ɓangare yakan aika a asirce a tambayo asalin ɗayan, da halinsa, da ko akwai wani ciwo da yake bin jini. A jerin ciwukan da ake tsoro kuwa, na kai ne a gaba. Baffanku Sani shi ne waliyyin da zai ba da auren. Ya zo da hantsi, ya ƙi zama, ya tsaya a bakin zaure.

"Hamisu, daga yau ka zauna a gida."

"Yaya, likita ce ta ce in riƙa tafiya."

"Likita ba ta da 'yar da za a aurar a Balan. Mutanen Ajingi sun fara tambaya. Zaman ɗaki ana iya cewa zazzaɓi ne. Yawo fa, me za a ce? Ka yi haƙuri har a ɗaura, in ya so ka taka har gabas."

Mutumin da ya yi ta yi mini faɗa a kan zaman ɗaki, yau shi ne yake mayar da ni ɗaki. Na ga abin, amma yayana ne, kuma maganarsa tana kan hanya. Na zauna. Ban daina shan magani ba, amma kwana goma sha tara da na yi ban fita ba, buhun nan ya dawo ya zauna inda ya saba. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Innarku da likita. Wata safiya na ji zuciyata tana lissafa mini, cikin natsuwa, cewa gidan nan zai fi sauƙi in ba ni. Na tsorata ƙwarai. Na kira Innarku na faɗa mata yadda na ji. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce jibi za mu koma wurin likita, kuma mun koma. Amma kafin nan ta fita ta nufi gindin rumbu, na ji tana ta buruntu, sai ga ta da wata tsohuwar fartanya.

"Ungo."

"Me zan yi da fartanya? An gama kaka tun yaushe, ƙasa ta bushe ƙarau."

"Ba noma na ce ka yi ba. Saɓa ta za ka yi. Wa ya taɓa tambayar mai fartanya ina za shi?"

Na saɓa na fita, ina jin kunyar kaina. Babur na farko ya taho, ya rage gudu, ya ga abin da ke kafaɗata, ya ɗaga hannu ya ce sannu da himma Malam, ya wuce. Na biyu ma haka. Wata tsohuwa har addu'a ta yi mini, ta ce Allah ya ba da damina mai albarka. Na tsaya a tsakiyar hanya ina mamaki. Ƙafafun nan dai su ne, hanyar ita ce, mutumin shi ne na jiya da ake yi wa Allah ya sawwaƙe. Guntun ƙarfe da ƙota ne suka mayar da ni mai hankali. Da Baffanku ya ji labari bai ce komai ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin izini.

Fartanya ta rufe bakin mutane, amma ba ta iya tashe ni daga kan buzu. Wannan shi ne abin da masu lafiya ba sa ganewa. Kana sane tafiyar za ta yi maka amfani, kana sane jiya ta yi maka, amma tsakaninka da ƙofar ɗaki sai ka ga ya fi tsakanin Gaya da Kano nisa. Nasiha ba ta tashe ni ba, tsoron ciwon ma bai tashe ni ba. Abin da ya tashe ni, in gaya muku gaskiya, son jin ƙwaƙwaf ne.

Tunda na riƙe fartanya, dole in nufi gona, sai na riƙa zuwa gonarmu ta gado, mai tsamiyar nan a kusurwa. Kwana na uku na lura da sawu a bakin iyaka, daidai inda kakanku ya dasa gamba don raba gonarmu da ta Malam Ado. Sawun takalmin roba ne, irin wanda kowa yake sawa, na babban mutum. Sabo ne, don ya taka a kan sawun ɓeraye da ƙwarin da suka yi yawonsu kafin gari ya waye. Na bi shi. Ya zaga gonar gaba ɗaya ta bakin iyaka, ya sake zagawa, ya sake, sau uku, sannan ya tsaya a gindin tsamiya ya koma gari ta wata hanya. Ba a ɗebi kara ba, ba a sari itace ba, ba a kaɗo tsamiya ba. Na karya reshe na share wani wuri tas. Washegari na tarar da sabon sawu a kai.

Wa zai zaga gonar mutane sau uku da rani? Amsa ɗaya ce take zuwa kan ɗan manomi, wato mai shirin cin iyaka. Tun zamanin iyayenmu akwai 'yar tsama tsakaninmu da gidan su Malam Ado a kan taku biyu na ƙasa. Na ce lallai Ado ne yake auna inda zai matsar da gamba kafin ruwa ya sauka, ya ji an ce Hamisu ba lafiya. Raina ya ɓaci, kuma ku yarda da ni, na ji daɗin ɓacin ran, don na daɗe ban ji komai ba. Na auna tsakanin tsamiya da gamba da taku, na binne duwatsu a wurare huɗu don shaida. Kullum in je in duba, gamba tana nan, duwatsu suna nan, sawu sabo. Ranar da jikina ya ce yau ba zai tashi ba, sai in ce masa, to kwanta, Ado yana can yana cin gonar ubanka. Sai in ga na miƙe ina neman takalmi. Allah ya yafe mini zargin da na yi wa bawan Allahn nan, ya yi mini magani bai sani ba.

Matsalar ita ce maganin yana sa mini nauyin jiki da safe, sai rana ta fito nake isa, mai sawun kuma ya riga ya tafi. Na riƙa matso da fitata kaɗan-kaɗan, har na kai ga ana sallame sallar asuba in saɓi fartanya daga ƙofar masallaci. Sati biyu na yi ina wannan farauta. Ranar da na same shi, gari ya yi haske ke nan, na hango mutum a can ƙarshen gona yana tafe a bakin gamba, kansa a ƙasa, fartanya a kafaɗa. Na laɓe a bayan tsamiya ina shirya kalmomin da zan jefa wa Ado. Da ya matso sai na ga tafiyar ba ta Ado ba ce. Tafiyar gidanmu ce.

"Yaya?"

Baffanku ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi fartanyata, na dubi tasa. Ita ma ba alamar ta taɓa ƙasa.

"Me kake yi a nan, Yaya?"

"Zagayen gona."

"Da rani?"

"Baba ma da rani yake yi."

Ya sauke fartanyar ya zauna a kan saiwar tsamiya, ni ma na zauna. Sannan ya yi magana yana kallon gabansa.

"Tun kana makarantar kwana abin yake zuwar mini. In ban zaga ba, yinin ba ya ɗaukuwa. Baba ne ya gane, bai tambaye ni komai ba, ya ce in biyo shi. Kai ka ɗauka gero yake dubawa a watan da ba ko tsiro?"

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, kana kallona ina nutsewa?"

"Ana faɗa ne? Mu dai mun san mu ɗauki fartanya. Kai ne ɗan boko, ka fita hannu rabbana kana gaya wa masu babur ba inda za ka."

A hanyar komawa na tuna da kakanku. Yakan yi wata guda ba ya magana sai sallama, a hana mu wasa kusa da turakarsa, a ce halinsa ne. Kuma kullum, damina da rani, yakan saɓi fartanya bayan asuba. Muna yara mun ɗauka tsabar son noma ne, har ana ba da misali da shi a gari. Na riƙa duban duk dattijon da na gamu da shi da fartanya a wannan rani ina cewa a raina, kai kuma fa, gona za ka ko irin tamu ce? Har yau ban daina wannan tambayar ba.

Bayan kwana huɗu ina dawowa, wani dattijo a kan babur ya tsaya, ya kashe inji, ya sauko ya ba ni hannu. Ya ce sunansa Alhaji Garba daga Ajingi, baffan Kabiru. Manomi ne kuma mai sayen hatsi, irin mutanen da ba sa son jin magana a bakin wani in suna iya jin ta a bakin mai ita. Muka gaisa doguwar gaisuwa. Sai ya dubi kafaɗata ya yi murmushi.

"Malam, wannan fartanya ta kwana biyu ba ta ga ƙasa ba. Wadda ake aiki da ita bakinta ƙyalli yake yi."

Tsatsa ce ta tona ni, abin da ni da Innarku ba mu yi tunani ba. Amma mutumin bai rufe mini ƙofa ba. Ƙaryar ma ta zo bakina a shirye, in ce wurin maƙeri zan kai ta, kuma na ga alamar zai karɓa, don shi ma yana son auren. Sai dai maganar gindin tsamiya tana kaina. Kakanku, Baffanku, ni. In abin yana bin gida ne, to Ummi za ta iya shiga da shi ɗakinta ba ta sani ba. Ranar da ya taso mata, a gidan da aka ɓoye musu, me za su ce? Kuma ita mace wace fartanya za ta saɓa?

"Alhaji, ba gona nake zuwa ba. Ina da ciwon damuwa. Ina ganin likita a Kano, ina shan magani, kuma tafiyar nan tana cikin maganin. Fartanyar don bakin mutane ce."

Ya gyaɗa kai.

"Allah ya ƙara lafiya, Malam. Ka yi gaskiya."

Bayan kwana goma suka aiko cewa an yi istihara ba a ga haske ba. Ban zarge su ba, kuma kada ku zarge su. Baffanku ya yi wata uku ba ya amsa mini sai sallama, duk da kullum muna haɗuwa a gona, shi yana zagawa ta dama ni ta hagu. Innarku ta yi kuka a madafa, ta fito ta ce hayaƙi ne. Ummi kuwa ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daina kawo mini abinci da kanta, sai ta aiko ƙanwarta. Gaisuwa takan yi daga bakin ƙofa, daidai yadda addini ya wajabta, ba ƙari. Sau ɗaya ta yi mini magana a kai, bayan ta ji yadda muka yi da Alhaji Garba a kan tsatsar fartanya, a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, da ka ce maƙera za ka, me zai ragu a jikinka?"

Ciwon nawa ne, amma auren nata ne, kuma ban shawarce ta ba. Wannan yana damuna har yanzu, ba zan ɓoye muku ba. Abin da na yi kawai, na mayar da fartanya gindin rumbu, tunda ba sauran abin da take rufewa. Na ci gaba da fita hannu sake, wata rana da ƙarfi, wata rana da jan ƙafa, wata rana in kasa, washegari in sake. Masu babur suka gaji suka koma yi mini hon kawai. Baffanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda ya ga likita ba, bai kuma taɓa fita ba fartanya ba. Amma a ciwonsa na ƙarshe ya ce mini in ya tafi in faɗa muku, shi dai bakinsa ba zai iya ba. Na sauke wannan yau.

Bayan shekara biyu Bashir ya fito, kuma Allah da ikonsa shi ma ɗan Ajingi. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni na zaunar da shi a zaure na faɗa masa komai kafin ya sha ruwa. Ya ce ana shan magani? Na ce ana sha. Ya ce to. Aka yi aure. Ni da Ummi muka koma gaisawa da 'yar hira, amma wani abu ya rage a tsakani wanda ba mu taɓa ɗagawa ba.

A haihuwarta ta biyu, bayan an yi suna an watse, abin ya same ta. Ta daina ci, ta daina magana, jaririya tana kuka tana kallon bango. Bashir bai tsaya neman wanda ya yi mata sammu ba, bai kuma rufe ƙofa don kada a ji ba. Ya san sunan abin tun daga zaurena. Ya kai ta Kano, aka ba ta magani, sannan da ta yi arba'in ya kira ni a waya ya ce likita ta ce ta riƙa ɗan takawa da safe, amma ta ƙi fita. Na kwana a Ajingi, da gari ya waye ya yi mini iso. Na same ta a bakin gado, hannuwa a cinya. Na san wannan zaman, na yi shi.

Ban yi mata nasiha ba, na san ba ta aiki. Na ce mata na ga wata bishiya a bayan unguwarsu da ban san sunanta ba, ta zo ta gani ko ta sani. Ta daɗe, sannan ta jawo hijabi. A tsakar gida na hangi bokiti, sai dabarar Innarku ta faɗo mini. Na ɗauka na miƙa mata, don matan unguwa su ɗauka famfo za ta. Ta dubi bokitin, ta dube ni.

"Baba, ajiye shi."

"Za a tambaye ki ina za ki."

"Na sani."

Na ajiye. Muka fito, ina gaba tana biye a hankali. Ba mu kai ƙarshen layi ba wani mai babur ya ja birki a gefenmu.

"Baba, ina zuwa? Ku hau in rage muku hanya."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji muryarta daga bayana, a dushe, amma ta fita.

"Ba ko'ina. Za mu je mu dawo."